Ɗan Rahoto a Cikin Kunun Aya

Yaran da suke zuwa gaishe ni yanzu, waɗanda suka karanci kimiyya, sukan zaro waya su nuna mini hoton ƙwayar halitta tana haske kore ko ja, kamar an kunna mata fitila a ciki. Sai su ce, "Baba Isa, ai aikin nan naku ya zama wasa. Ka ɗiga maganin, ka danna maɓalli, hoto ya fito." Nakan ce musu to, madalla. Sannan in ce su gyara zama, tunda sun zo, su ji yadda aka yi wasan.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, leb kamar yadda kowa yake faɗa, a wata cibiyar bincike da ke wajen ganuwa. A can na fara, a can na yi ritaya. Ni ba dakta ba ne, ba kuma farfesa ba. Mu ne masu haɗa ruwan gwaji, masu auna hoda, masu kula da na'urori. A unguwar Kwarbai, cikin birni, aka haife ni. Mahaifina magatakardan kotu ne, kuma ya so in gaje shi a aikin alƙalami, amma da na gama sakandare aka ce ana neman yara a leb, sai na hau kekensa na fita ta Ƙofar Doka na je na gwada sa'a.

Aikina na farko wankin kwalabe ne. Wanda aka damƙa ni a hannunsa shi ne Baba Ɗanjuma, mutumin Wusasa, dogo, mai ƙarancin magana. Kirista ne, amma shi yake leƙowa ya ce mini, "Isa, an kira azahar, ajiye ka je." Ranar farko ya ba ni buroshi da sabulu da tulin kwalabe masu dogon wuya. Na wanke na jera, suna ta ƙyalli, ina jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya, ya zuba mata ruwa ya juye, ya ɗaga ta saitin taga. Ɗigo-ɗigon ruwa sun maƙale a jikinta.

"Ka ga waɗannan?" in ji shi. "Maiƙo ne ya riƙe su. Kwalba mai tsabta, ruwa a shimfiɗe yake sauka a jikinta. Sake."

Na sake. Na yi watanni ina sakewa kafin ya bar ni in taɓa ma'auni.

Ma'aunin nan a cikin akwatin gilashi yake, a kan teburin siminti da ba ya motsi. Idan za ka auna, sai ka rufe ƙofa, ka kashe fanka, ka ɗauke numfashi, don ko iskar hancinka tana iya kaɗa allurar. Ruwa kuwa da baki muke zuƙo shi cikin siririn bututun gilashi, mu toshe da yatsa, mu saki a hankali har ya tsaya a kan layi. Wanda ya yi gaggawa ya ɗanɗana abin da ba a sha. Yanzu an hana wannan, kuma an yi daidai.

Baba Ɗanjuma maƙerin gilashi ne kuma. Idan bututu ya karye ba a jiran a yi odar wani daga waje. Zai kunna wutar gas, ya riƙa juya gilashin a cikin harshenta har ya yi laushi kamar alewa, ya hura, ya lanƙwasa, ya haɗa. Abu na farko da ya koya mini a nan shi ne gilashi mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido. Ga shaidar a yatsuna har yau.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai ɗalibai, waɗanda ba ka ganinsu sai lokaci ya ƙure musu, su zo suna "Don Allah Malam". Akwai masu haƙar rijiya da ruwa a galan, da fataken citta da suke son takardar shaida kafin su kai kaya Legas. Na tuna wani dattijo da ya zo da dutse mai ƙyalli a ƙulle cikin hula, yana magana ƙasa-ƙasa, ya tabbata zinariya ya tono a gonarsa. Baba Ɗanjuma ya san ba ita ba ce tun daga kallon farko, amma sai da ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya yi gwajin a gabansa daga farko har ƙarshe. Da mutumin ya tafi ya ce mini, "Wanda ya yo tafiya da fatansa a hula, ba a sallamarsa daga bakin ƙofa."

Na daɗe a aikin, har na fara furfura, sannan Dakta Hadiza ta zo. 'Yar cikin birni ce, mahaifinta malami ne, ta yi karatu a ƙasar waje ta dawo. Ranar da ta kira mu ni da Baba Ɗanjuma, wanda lokacin yana gab da ajiye aiki, ta ajiye ƙaramar kwalbar farar hoda a tebur ta ce mu sansana daga nesa. Warin ashana ne, irin wanda yake tashi da an ƙyasta.

"Sunansa baisalfait," in ji ta. "Ana sa shi a lemo da busassun 'ya'yan itace don kada su lalace ko su yi baƙi. Hayaƙin injuna ma idan ya shiga jiki yakan koma shi. Jikin mutum da kansa yana yin ɗan kaɗan. Kaɗan ba ya komai ga yawancin mutane, amma idan ya yi yawa yana ɓarna, masu asma kuwa ko kaɗan ɗin yana iya shaƙe wasunsu."

Na ce ai mun saba auna shi. Mukan niƙa abu, mu zuba masa asid, mu dafa, mu tare tururin.

"Haka ne, Malam Isa. Amma kafin ka gama ka kashe abin. Ni so nake in gan shi a cikin mai rai, yana raye, in ga inda yake taruwa."

Dabararta ita ce a haɗa wani rini na musamman, wanda idan aka haska shi da wata fitila a cikin duhu zai yi haske ja. Zai shiga cikin ƙwayar halitta ya zauna shiru. Idan ya gamu da baisalfait sai su haɗu, siffarsa ta canja, hasken ya koma kore. Baba Ɗanjuma ya saurara har ta gama, ya ce, "Wato ɗan rahoto za ki aika cikin gida." Sunan da ya bi shi ke nan. A takardu yana da dogon suna na Turanci da lambobi, amma a leb ɗinmu ba wanda ya taɓa kiransa da shi.

Haɗin farko da muka dafa, yini guda ya yi yana tafasa a kwalba mai zagayayyen gindi. Da ya huce, abin da muka samu baƙin taɓo ne. Ɗan rahoton yana ciki, amma a cakuɗe da tarkace, sai an tace. Baba Ɗanjuma ya ƙera mana dogon bututu mai famfo a ƙasa, shi ne aikinsa na ƙarshe a wurin. Ana cika shi da wani farin gari mai laushi da ake kira silika, a zuba taɓon a sama, a riƙa bin sa da ruwan sinadari a hankali. Sai ka ga launuka suna rabuwa suna gangarowa, rawaya a gaba, ruwan goro a baya, shunayya a can sama. Kai kuma kana zaune da ƙananan kwalabe kana tarar ɗigo. Ba ka tashi. Idan ka bari saman garin ya bushe, ya tsage, komai ya sake cakuɗewa, aikin mako ya tafi. Abin da za ka samu a ƙarshe, idan ka busar, bai fi ya rufe farcen ɗan yatsa ba.

Na farko da muka samu, ko me ka ɗiga masa sai ya koma kore: gishiri, sukari, ruwan lemon tsami. Dakta ta ce ɗan rahoton da duk wanda ya gani sai ya kira shi ɓarawo ba shi da amfani. Na biyu ya ƙi narkewa a ruwa. Wani kuma ya yi kyau a kwalba, amma da aka sa wa ƙwayoyin halitta sai suka mutu. Akwai lokacin da duk kwalabenmu suka riƙa haske shuɗi ba dalili, muka yi ta neman laifin a haɗin. Ashe sabon garin sabulu aka sayo mana, irin mai sa farin kaya haske, shi ne yake maƙalewa a gilashi yana walƙiya a ƙarƙashin fitilar. Na koma bakin famfo, da furfurata, na sake wanke komai.

Ɗakin duhunmu tsohon sito ne da muka shafe tagarsa da baƙin fenti. A nan muka ga na kirkin. Dakta ta riƙe kwalbar, na kunna fitilar, ruwan ya yi ja kamar garwashi. Ta ɗiga gishiri, yana nan ja. Sukari, ja. Ta bi duk abubuwan da suka yaudari na baya, bai motsa ba. Sannan ta ɗiga baisalfait. Daga inda ɗigon ya faɗa kore ya fara, ya bazu kamar hayaƙi har ya cinye jan. Sai Dakta ta ce, "Malam Isa, wanke wata kwalbar mu sake." Sai da muka maimaita har hannuna ya gaji kafin ta yarda ta yi murmushi.

Kiwon ƙwayoyin halitta shi ne aikin da ya fi kowanne ɗaure mutum. Ido ba ya ganinsu. A ƙasan wasu faranta masu murfi suke zama, cikin wani ruwa mai launin ja-ja wanda shi ne abincinsu, a cikin akwati mai ɗumi daidai da ɗumin jikin mutum. Idan ruwan ya fara komawa rawaya, yunwa suke ji. Ba ka magana a kan buɗaɗɗen faranti, ba ka tari, ka goge hannu da sifirit har fata ta yi fari. Ƙura ɗaya ta faɗa, gobe ka tarar da fumfuna. Ba su san Juma'a ba, ba su san Sallah ba. Shekaru da yawa daga filin idi leb nake wucewa da babbar rigata, in ba su abinci, sannan in dawo gida a ci tuwon Sallah da ni.

Sai kuma kifi. A ƙasashen waje akwai wani ɗan ƙaramin kifi da suke gwaji da shi, mu ba mu da shi. Dakta ta ce mu gwada 'ya'yan tarwaɗa. Na je wurin wani mai kiwon kifi a hanyar Jos na karɓo sabbin ƙyanƙyasa a leda. A kwanakinsu na farko jikinsu garau yake kamar gilashi, idan ka sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma har bugun zuciyarsa kana gani. Muka bar ɗaya ya yi iyo a ruwan ɗan rahoto, muka ɗauraye shi, muka duba a duhu. Cikinsa ya yi ja. Muka sa ɗan baisalfait a ruwansa. Muna kallo kore ya fara daga hanji, ya hau sama a hankali, zuciyar kuma tana ta bugawa abinta.

Dakta ta aika aka ɗauko Baba Ɗanjuma daga Wusasa don ya gani. Ya cire tabarau, ya sa ido a madubin, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Mayar da shi ruwa mai kyau." Na mayar. Ɗan kifin ya kaɗa jela ya tafi. Baba Ɗanjuma ya ce, "To. Yanzu na yarda."

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. Aka shiga yajin aiki mai tsawo, aka rufe ofisoshi. Ana cikin haka taransifomar da take ba mu wuta ta ƙone, man janareta kuma ya yi wuya. Ni da Dakta muka riƙa zuwa duk da haka, muna lallaɓa akwatin ɗumin da ɗan man da muka samu, har ranar da babu. Ƙwayoyin da na yi shekaru ina kiwo suka taso daga ƙasan faranti suka yi ta yawo a ruwan, matattu. Waɗanda muka daskarar don ajiya suka narke a firij. Ni na kwashe, na dafa su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta a kan gawayi, na wanke farantan na kife. A shekarar ce kuma Baba Ɗanjuma ya rasu. Muka je Wusasa aka binne shi.

Abin da ya rage mana shi ne hodar ɗan rahoton. Zafi da haske da laima duk suna kashe ta. Dakta ta raba biyu, ta zuba a baƙaƙen kwalabe, ta naɗe, ta riƙe ɗaya ta ba ni ɗaya. Tawa na kai ta ɗakin soron gidanmu a Kwarbai, ginin ƙasa mai kaurin bango, na sa a gwangwani na ajiye a bayan randa.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, cikin birni ma wuta sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Ina da yaya, Asabe, wadda ta yi aure a unguwar Limancin Kona. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, kuma da kunun aya take riƙe da gidan. Duk unguwar nata ake sha. Maƙwabcinta Malam Shehu, malami ne mai karantar da manya a zaurensa, dattijo mai fama da asma. Shekarun baya an taɓa samun saɓani tsakanin gidajen biyu a kan magudanar ruwa, aka yi sulhu, amma mutane ba su manta ba.

A cikin azumin nan Malam Shehu ya sha kunun Yaya da buɗa-baki, numfashinsa ya sarƙe. Aka ce zafi ne. Bayan 'yan kwanaki ya sake sha, wannan karon sai da aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti. Kafin a sallamo shi magana ta zaga unguwa: Asabe ta sa wa Malam wani abu. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce guba. Babban ɗansa, Lawal, ya riƙe ragowar kunun a gora yana cewa hukuma zai kai. Aka daina sayen kunun Yaya. 'Ya'yanta mata suka daina fita ɗibar ruwa saboda abin da ake faɗa musu.

Na je na sami Lawal a ƙofar gidansu, na roƙe shi ya bar ni in ga gorar. Na buɗe na sansana. Kunun aya a wannan zafin, wanda aka yi da safe kafin magariba ya fara tsami. Wannan ya kwana biyu, bai yi ba. A ƙarƙashin ƙamshin ayar kuma akwai ɗan warin ashana.

Na je gidan Dakta na gaya mata. Ta ce, "Za mu gwada. Amma a gaban Lawal da Asabe duka biyun, kuma ita ta kawo duk abin da take sawa." Ta dube ni. "Yayarka ce, Malam Isa. Idan kana so, ni kaɗai zan yi."

Na ce ni zan wanke kwalaben.

Da na je gaya wa Yaya, tana zaune a tsakar gida, ga turmi a kife. Ta ce, "Isa, idan abin naku ya nuna wani abu, me za ka ce?"

Na ce, "Abin da ya nuna, Yaya."

Ta dube ni ta ce Allah ya kai mu.

Da hantsi muka taru a ɗakin soro. Na toshe taga da bargo, na saki wani a ƙofa. Ga azumi, ga zafi, gumi har cikin ido. Dakta ta zo da ƙaramar fitilar gwaji mai batir. Kunun aya fari ne, haske ba ya ratsa shi, don haka sai da na tace na Lawal da takardar tacewa, na sirka da tataccen ruwa har ya yi garau. Na zuba ruwan ɗan rahoto a kwalba, Dakta ta haska, ya yi ja. Ta bayyana musu abin da ja yake nufi da abin da kore yake nufi. Na ɗebo ruwan kunun na ɗiga.

Ya koma kore.

Lawal ya miƙe tsaye. "Na faɗa! Wallahi na faɗa!"

"Zauna, Malam Lawal," in ji Dakta. "Ba mu gama ba."

Muka bi kayan Yaya ɗaya bayan ɗaya. Ayar da ta jiƙa, ja. Dabino, ja. Kwakwa, sukari, ruwan rijiyar da take ɗiba, duk ja. Dakta ta juya wajen Yaya a cikin duhun ta ce, "Hajiya, babu sauran wani abu? Ko ɗan ƙanƙani?"

Sai muka ji motsin leda. Yaya ta kwance bakin zanenta ta miƙo wani ƙulli.

"Sai dai maganin tsami," in ji ta. "A kasuwa na saya, wurin masu kayan lemo. Da ƙanƙara ta gagara, kunu yana lalacewa kafin a sha ruwa, aka ce mini kowa shi yake sawa. Mai shagon bai faɗa mini awo ba. Da zafi ya ƙaru sai na ƙara. Ni ma ina sha, 'ya'yana ma suna sha."

Na lakato da kan tsinke na sa a ruwa, na ɗiga. Koren da ya tashi har fuskokinmu ya haska.

Na yaye bargon. Dakta ta yi wa Lawal bayani a natse: wannan ba sammu ba ne, ba kuma guba ce da ake sa wa mutum ba, abu ne da kamfanoni suke sawa da awo, amma a nan ya yi yawa ƙwarai, kuma mai asma yana iya mutuwa a kansa. Ta ce gwajinmu ya nuna abin da ke cikin kunun ne kawai, ko shi ya kwantar da Malam, likitansa ne zai faɗa. Lawal ya kai wa likitan bayanin, likitan ya ce ya yi daidai da abin da ya gani, ya kuma hana Malam duk wani abin sha da aka sa wa irin hodar.

Yaya ba ta yi kuka a wurin ba. Ta ce, "Ashe dai ni ce." Ta yafa mayafi ta fita. Ranar ta zubar da hodar a masai, ta bi gidajen matan da ta san suna sawa a zoɓo da lemon citta, ta gaya musu da bakinta. Wasu suka daina, wasu suka ce baƙin ciki take yi musu don nata ya tsaya. A unguwa kuwa magana ba ta mutu ba, sai dai ta canja: an gwada, an samu. Ba kowa ne ya damu da sauran bayanin ba. Ni ma akwai 'yan uwan da suka daina amsa gaisuwata, wai na tona wa 'yar uwata asiri a gaban bare.

Leb ya dawo daga baya. Aka gyara wuta, Dakta ta roƙo sababbin ƙwayoyi daga wani wuri muka fara daga farko, da hodar nan ta bayan randa. Kafin in ajiye aiki an kawo na'urar da take ɗaukar irin hotunan da kuke nuna mini. Tana da kyau, ba na musu. Sai dai ɗakin duhunmu an mayar da shi ofis, an kankare fentin tagar, bututun Baba Ɗanjuma kuma ban san inda ya shiga ba. Yanzu idan gilashi ya karye shara ake kai shi.

Amma ban gama muku zancen Yaya ba. A goman ƙarshe na azumin nan ta ce in raka ta wurin Malam Shehu. Muka same shi a zaure bayan la'asar, ya rame, yana jingine da bango, ga manyan ɗalibansa zaune da littattafai. Yaya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce ta zo neman gafara. Malam ya juyo ya kalle ni.

"Malam Isa, an ce kai ne mai ruwan da yake canja launi."

"Ni da Dakta ne, Allah gafarta Malam."

"Ya nuna akwai abu a cikin kunun."

"Ya nuna."

"Ya nuna da wace niyya aka sa?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Ba ya ganin wannan."

"To." Ya numfasa, ƙirjinsa yana ɗan kuka. "Abin da na'urarku ba ta gani ba, ban san yadda aka yi mutanen unguwar nan suka gan shi ba." Ya dubi Lawal, Lawal ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Asabe, tashi. Na yafe, ke ma ki yafe mana. Gobe ki aiko mini da kunu. Irin na da."

Yaya ta ce, "Malam, babu ƙanƙara. Zai yi tsami kafin a sha ruwa."

"Na ji. Ki aiko."

Washegari na je Limancin Kona da gangan kafin magariba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam, mutanen layin sun taru kamar yadda suka saba. Aka kira salla, kowa ya kai dabino baki. Aka ajiye wa Malam kwanon kunun Yaya a gabansa, ya buɗe da kansa, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Lawal yana tsugune a gefensa da abin shaƙar asma a hannu.

Malam ya sauke kwanon, ya goge gemu, ya ja numfashi mai tsawo ya saki.

"Ya fara tsami," in ji shi. Ya miƙa wa na kusa da shi. "Sha ka miƙa gaba."